Idon Ɗiyata da Hannun Inna

Shekara da shekaru ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a Malbaza, kuma in akwai abin da Allah ya hore mini, to baki ne. Matata ta sha faɗa, wai da surutu noma ne da babu rumbun da zai kai namu cika a garin. Darasin da na fi ji da shi kuwa shi ne na gado, yadda ɗa ke ɗauko hancin uba, jika ta ɗauko tsawon kaka. Sai in zana 'yan sanduna biyu-biyu a allo, in ce wa ɗalibai ga kromozom, a cikinsu aka ajiye kamannin kowa, rabi daga uwa rabi daga uba. Daga nan in jero musu wasu kalmomi uku masu kama da juna, duka a kan bambanci suke magana. Ɗaya, heterokromozom, ta sandunan nan biyu ce da ba su yi daidai da juna ba, waɗanda ke raba namiji da mace. Ɗaya ta launi ce, heterokromi, wato idon dama da na hagu su sha bamban. Ta ukun ta lokaci ce, heterokroni, wani abu a girman jiki ya riga lokacinsa ko ya makara. Ina furta su ina lanƙwasa harshe, yara na kallona baki buɗe, ni kuwa ina jin kaina wani abu. Allah sarki!

In na zo kan maganar lokaci, kaina nake nuna musu. Tun ina ɗan shekara ashirin furfura ta cika mini kai, har a mota akan tashi a ba ni wuri, ni kuma ba na musu, zama nake. Sai in cire hula in ce: ga gashin da ya yi gaggawa. Su yi dariya, mu wuce. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina gaggawar ta fito ba.

Ni ɗan makiyaya ne. Rugarmu tana can wajen Tajaye, kuma Inna, mahaifiyata, har yau ita ke ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwa. Ni ne ɗanta na fari, kuma wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Ba ta duban fuskata. In tana son in ci abinci, sai ta ce da bango: "Akwai tuwo nan, in akwai mai ci." In zan yi tafiya, sai ta ce da ƙwaryarta: "Allah shi kiyaye hanya." Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, haka aka yi mata ita ma take yi. Na saba, amma ba zan ɓoye ba, ina yaro abin ya sha ci mini rai.

Mun daɗe da aure kafin Allah ya ba mu haihuwa. Da ɗiyar ta zo, ni dai ban yi mata wannan kunyar ba, boko ya riga ya wanke mini ita. Ungozoma na miƙo ta na karɓe, har matan unguwa suna ta salati. A goshinta akwai wani ɗan tsinin gashi fari tas, sauran kan baƙi wuluk. Da ta buɗe ido sosai sai muka ga na dama baƙi ne irin na kowa, na hagu kuwa shuɗi, garau, kana iya hango kanka a ciki.

Kafin kwana uku magana ta cika unguwa. Wata ta ce uwar ta yawaita kallon kyanwa tana da ciki. Wata ta ce idon ba ya gani, a ɗiga masa nonon uwa safe da yamma. Wata tsohuwa ta zo da kwalli na musamman. Matata ta shiga ɗaki tana kuka. Ni kuwa abin nema ya samu! Na tsaya a tsakar gida na yi musu darasi kyauta. Na ce wannan ba aljani ba ne, ba kyanwa ba ce, sunansa heterokromi, launi ne kawai ya yi ƙaranci a ido ɗaya, kuma idon yana gani ras. Na kawo tocila na haska, ƙwayar idon ta tsuke, na ce to kun gani. Har a raina na ji daɗi, wallahi, wai abin da nake koyarwa a littafi ga shi Allah ya kawo mini har gida.

Ranar suna Inna ta iso da ƙwarya biyu na nono da man shanu. Ta karɓi jaririyar ta zauna a gindin bango. Ta daɗe tana dubanta. Ta shafa farin gashin nan da babban yatsa, ta dubi ido ɗaya, ta dubi ɗayan, sannan na ga ta kai bakinta kusa da kunnen yarinyar ta yi wani ɗan ƙyas da harshe, irin wanda ake yi wa ɗan maraƙi. Ta sake yi a ɗaya kunnen. Ina tsaye kusa, sai ta ce da ƙwaryar da ke gabanta: "A hwaɗa ma wancan, kawunshi ya dawo."

Kawun da take nufi wanta ne, ya rasu ina ƙarami ƙwarai. Abin da na riƙe game da shi kaɗan ne: dogo ne, yana da farin gashi a goshi, ba ya zama cikin mutane, kullum yana daji da shanu. A gidanmu ba a cewa komai a kansa sai "mai shiru". Ni kuwa na ɗauka hali ne, irin mutanen nan da magana ba ta dame su ba. Da na ji abin da Inna ta faɗa sai na yi murmushi irin na wanda ya yi karatu. Na ce, a bayyane yadda kowa zai ji, mamaci ba ya dawowa, kamanni ne ke bin jini, kuma wannan ai fagena ne. Inna ta gyara wa jaririyar zani, washegari ta koma.

Yarinya ta yi ta girma lafiya lau. Ta zauna da wuri, ta yi rarrafe, ta miƙe. Ga dariya, ga wayo, idon nan biyu ba abin da ke wuce su. Tana 'yar wata shida tana gwalan-gwalan irin na jarirai, daga baya sai abin ya yi ta raguwa har ta daina. Ta shekara ɗaya ba ta ce komai ba. Ta shekara ɗaya da rabi, shiru. Ni kuwa abu ɗaya nake jira a duniya, in dawo daga lakwal, wato makaranta, in ji an ce "Baba". Kullum sai in ɗora ta a cinya in yi ta nanata mata, ita kuma ta kafa wa bakina ido, ta sa yatsa tana taɓa leɓɓana tana dariya.

Matata ce ta fara tsorata. Wata rana da hantsi ta ce: "Malam, yarinyar nan anya tana ji? Na kira ta daga madafa har sau uku ba ta waiwayo ba."

Na ce wasa ne ya ɗauke mata hankali. Na jawo kalmata ta lokaci na shimfiɗa mata, na ce kowane yaro da agogonsa, wani ya riga wani ya makara, ni ma ga gashina ya riga. Ko a littafin ma ba a kan irin wannan ake amfani da kalmar ba, na sani sarai, amma kalma mai nauyi tana rufe bakin mutum, kuma abin da nake so ke nan.

Kuma ina da hujja, wadda nake ganin ba mai ture ta. Gidanmu a bakin babbar hanya yake, inda manyan motocin siminti ke wucewa dare da rana. Duk lokacin da wata mai kaya ta taso, tun ba ta kawo ƙofar gida ba, sai yarinyar ta ɗaga kai, ta saki abin da ke hannunta ta ruga bakin zaure. Wani lokacin ma takan riga mu sani. Sai in ce da matata: "To, ga kurmarki nan ta ji mota kafin ke." Sai ta koma madafa. Maƙwabta ma da wannan suke kwantar mata da hankali. Duk Malbaza a cikin rugugin motocin nan muke kwana muke tashi, ƙasa na rawa, kwanoni na kaɗawa a kan kanta, har mun daina lura. Babu wanda ya kawo a ransa cewa yarinyar da ke zaune a ƙasa ba takalmi ba da kunne take jin motar ba.

Da aka yi hutun damina, tana da shekara biyu da 'yan watanni, muka tafi ruga. Can babu kwalta, babu mota, yashi ne da ciyawa da kukan shanu. Kwana biyu ina lura, raina na ɓaci ban san dalili ba. Saniya ta yi kuka a bayanta, ba ta juya. Jaki ya yi nasa, kowa ya san ba a barci a kansa, ita ko a jikinta.

Rana ta uku da safe, an gama tatsa, muna zaune a inuwa. Yarinyar ta ba mu baya tana tara tsakuwa. Inna ta tashi ta ɗauko babbar tasa ta ƙarfe da muciya, ta zagaya ta tsaya a bayanta, ta ɗaga hannu sama ta maka wa tasar muciya. Ƙarar ta sa awaki suka watse, kaji suka tashi, ni kaina sai da na zabura. Yarinya ta ɗauki wata tsakuwar ta ɗora a kan 'yar'uwarta.

Kaico! Na ga abin da kowa ya gani. Amma maimakon in yi shiru, sai fushi ya taso mini, don mai baki ba ya faɗuwa ba hayaniya. Na miƙe na ce wannan ba gwaji ba ne, yaro in hankalinsa ya tafi ko bindiga ba ya ji, a Malbaza tana jin mota tun daga nesa. Har na ce, Allah ya yafe mini, ba a auna kunne da muciya.

Inna ta ajiye tasar. Ta buga diddigenta a ƙasa da ƙarfi kusa da inda yarinyar ke zaune, sau biyu. Nan take yarinyar ta waiwayo, ta ga kakarta, ta washe baki. Inna ta ce da tasar: "Haka munka riƙa kiran yayana. Da ƙasa yaka ji." Sannan ta yi abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ta kwance ɗankwalinta a gabana. A goshinta ga tsinin gashin nan, ta rina shi da lalle ya yi ja, amma gindinsa fari fat. Ta mayar da ɗankwalin ta ɗaure, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige bukka.

Sai a lokacin na gane abin da ta faɗa ranar suna. Ba maganar mamaci take ba. Ta ga alamar, ta gwada kunnen, ta san abin da ke tafe, kuma ta gaya mini iyakar yadda uwa irinta za ta iya gaya wa ɗan fari. Ni kuma na mayar mata da darasi a gaban jama'a.

Muka je wurin likita a Ƙonni, ya tura mu Yamai inda ake da na'urar auna ji. Can muka sami wata likita, mai sanyin magana. Bayan an gama awo ta ce kunnuwan biyu duka ba sa ɗaukar sauti sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma haka aka haife ta. Ta jawo takarda ta fara zana dangi, da'ira ga mace, murabba'i ga namiji, daidai yadda nake zana wa ɗalibaina. Ta tambaya ko akwai mai farin gashi a goshi, na ce Inna da wanta. Ko akwai wanda ba ya ji, na ce wan nata, ashe. Sai ta dubi kaina ta ce: "Malam, furfurar nan tun yaushe?" Na gaya mata. Ta gyaɗa kai ta cika murabba'ina da tawada. Ta bayyana mana cewa ƙwayoyin da ke ba ido da gashi launi, irinsu ne kuma ake bukata a can cikin kunne, in ba su isa wurin ba tun yaro na ciki, kunnen ba ya aiki. Abu ɗaya ne ke bin jini, a jikin wani ya tsaya a gashi, a jikin wani ya kai har kunne. Ta faɗi sunan abin, sunan wani Bature ne, ban ma riƙe shi a ranar ba. Abin da na riƙe shi ne maganarta ta ƙarshe. Ta ce kunne ba shi ne abin gaggawa ba yanzu, harshe ne. Yaro yana da shekarun da ƙwaƙwalwarsa ke buɗe wa magana, ko ta baki ko ta hannu, kuma ɗiyarmu ta riga ta yi biyu daga ciki ba ta sami ko ɗaya ba.

A mota muna dawowa matata ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Shekara biyu na cinye wa yarinyar nan da bakina. Wannan ita ce gaskiyar.

Ban tsaya Malbaza ba, na sauke su na wuce Tajaye. Na sami Inna tana burka nono. Na durƙusa, na ce da ita kai tsaye, ba ta bango ba: "Inna, yaya kuke magana da Kawu?" Ta daɗe tana juya maburgi. Can ta ce da ƙwarya: "In an ɗauki kaka ni taho."

Ta cika alkawari. Ta bar wa ƙanwata nonon, ta zo ta zauna da mu wata huɗu, matar da ba ta taɓa kwana uku a cikin gari ba. Ashe hannuwan nan da na sani da tatsa da daka, akwai wani harshe kwance a cikinsu tun tana yarinya, wanda ita da wanta suka ƙirƙira a bayan shanu. Yatsu biyu a kan goshi, saniya. Dunƙule hannu a ja ƙasa, nono. Akwai na ruwa, na rana, na zo, na bari, na zafi, na ƙarya. Yarinyar ta yi ta kwasa kamar kaza ta sami tsaba. Cikin 'yan makonni ta fara tambaya, ta fara tsiwa, ta fara kai ƙarar uwarta wurin kakarta. Matata ma nan da nan ta kama. Wanda ya makara a gidan ni ne, malamin lokaci. Hannuna ya yi tauri, in zan ce ruwa sai in ce zafi, yarinya ta faɗi ƙasa don dariya.

Wata rana bayan la'asar na zauna kusa da Inna na ce ta koya mini, ni kaɗai. Ta fara yi tana fuskantar bango yadda ta saba. To amma maganar hannu ba ta yiwuwa haka. Dole in ga hannunta da fuskarta, dole ita ma ta ga nawa don ta gyara. Na yi alamar, ban yi daidai ba, ta leƙo ta gefen ido ta yi tsaki. Na sake, ta sake tsaki. Can haƙurinta ya ƙare, ta juyo gaba ɗaya, ta kama yatsuna ta lanƙwasa su yadda ya kamata, ta dube ni ido cikin ido ta ce: "Kai, wane irin mushen lakwal na wanga, hannu kamar itace!" Mushe dai shi ne malamin boko a bakin mutanenmu. Na fi shekara arba'in a duniya, kuma ranar ce Inna ta fara yi mini magana ni da kaina, da faɗa ta fara. Na yi dariya har hawaye suka zubo, ita kuwa ta ce in bar shirme in sake.

Cikin wannan harshe kowa da alamarsa, kuma ba kai ke zaɓa ba, ba ka ake yi. Ta Inna hannu ne a kan kai, mai ɗaukar ƙwarya. Ta matata taɓa kunne, saboda 'yan kunnen da ba ta rabuwa da su. Ni na yi ta jira, ina fatan za a ba ni ta alli ko ta littafi, ko dai furfurar. Wata rana na dawo daga lakwal da azahar, ina shigowa zaure yarinyar ta hango ni. Ta ruga wurin kakarta ta ja mata zani, ta nuna ni, sannan ta kai hannu gaban bakinta tana buɗe yatsu tana rufewa, da sauri da sauri. Matata ta saki ludayi ta riƙe ciki. Shekara biyu da rabi yarinyar nan tana kallon wani mutum yana ta motsa baki a gabanta, ga sunan da ta ga ya dace da shi. Na durƙusa, ta zo ta faɗa jikina, ta sake yi mini shi a daidai fuska don kada in ce ban ji ba. Ba "Baba" ɗin da na yi ta jira ba ne, amma ni ake kira, kuma na amsa.

Yanzu ta girma, tana makarantar kurame, ta koyo alamu da yawa da suka fi namu na ruga, ita ke gyara mana. Darasin gado kuwa ina nan ina koyar da shi. Kalmomin uku suna nan, ina rubuta su a allo, sai dai in na gama nakan ce da yara, in kun ga jariri da ido launi biyu ko farin gashi a goshi, ku yaba kyansa, sannan ku ce a kai shi a auna kunnensa tun da wuri. In kuma wata tsohuwa ta yi magana da ƙwarya a gabanku, ku tsaya ku saurara.

Ranar da Inna za ta koma, mun raka ta tasha da safe. Ta shiga mota ta zauna a bakin taga, kunyarta ta dawo, tana duban ƙwaryar da ke cinyarta. Ta ce da ita Allah shi tsare na gida. Direba ya tayar da mota. Na riga na juya zan tafi, sai ɗiyata ta ja mini riga ta nuna taga. Inna ce ta ɗago kai, tana dubana sosai. Ta kai hannu gaban bakinta, ta buɗe yatsu ta rufe, sau biyu, a hankali. Sannan ta yi alamar da na koya a hannunta, wadda ke nufin sai wata rana.

Da baki dai ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma na san ba za ta kira ba. Na tsaya a tashar nan, ni mai baki, na rasa abin cewa, har ɗiyata ta gaji ta ja hannuna muka tafi gida.